Zanen da Ya Tsayar da Ni a New York

Na sauka a New York da tunanin cewa dogayen benaye ne za su ɗauke mini hankali, sai ga shi wani zanen fenti ne ya hana ni sakat har na dawo gida. Mai masaukina, wani dattijo Bahaushen Kumasi da ya daɗe a unguwar Bronx, ya rantse ba zan kashe ko sisi a kan abinci ba, kuma shi ya raka ni har tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da zai kai ni gidan zane-zane na MoMA a Manhattan. Kuɗin shiga dala 30 ne, da na lissafa shi da naira sai da gabana ya faɗi.

Zanen na Jackson Pollock ne, wani mai zane Ba'amurke, ya yi shi a 1950, faɗinsa ya haura mita 5. Babu mutum a cikinsa, babu doki, babu itace, sai layukan baƙi da fari da ruwan ƙasa da suka hau kan juna. Da na matsa kusa sai na ga inda hannunsa ya fizga da sauri har fentin ya sirance ya fantsama, da inda ya dakata fentin ya taru ya bushe da kauri. A ƙasa yake shimfiɗa ƙyallen, yana kewaya shi yana tsiyaya fenti daga gwangwani da sanda, don haka abin da ake kallo motsin jikinsa ne, kamar yadda mutum zai dubi filin dambe bayan an watse ya gane inda aka yi gumurzu. Akwai zafin rai a ciki, amma zafin ran wanda ya san abin da yake yi, domin babu kusurwar da ta rinjayi wata.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne 'yan kallo. Mutum ya biya wannan kuɗi, ya juya wa zanen baya, ya ɗauki hoton kansa, ya wuce!

Da dare na nuna wa mai masaukina hoton a waya, ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan ai ɓarin fenti ne." Na ce, "Alhaji, a waya kam haka yake." Washegari na leƙa gidan tarihi na Metropolitan na ga wani zanen Pollock na shekarar 1950, sannan na shiga haɗa kaya.