Zauren kakanmu a Zango

Ranar Alhamis da ta wuce wani abokin aikina ya zo daga Yamai, na raka shi otal ya kama ɗaki. Ina tsaye yana ƙirga jikkuna yana miƙa wa yaron da ke rubuta sunayen baƙi, sai maganar kakata ta faɗo mini, Allah ya jiƙanta. Takan ce gidanmu ya fi shekara hamsin yana saukar baƙi, ba a taɓa ce wa kowa ya kawo kuɗin kwana ba.

Gidan yana cikin unguwar Zango a nan Damagaram, kuma kakan babana ne ya gina shi. Fatoma ne, wato mai masaukin fatake. Sunan unguwar ma daga nan ya samo asali. Birni na sarki ne da fadawansa, cikin garun da Sarki Tanimu ya kewaye shi da shi, ayari kuwa a waje yake sauka, a zango. Abzinawa su zo da kantun gishiri da dabino daga Bilma, Larabawan Gadamus da Tarabulus su zo da tufafi da takarda, su koma da fata da gashin jimina. Ko Baturen nan mai yawon bincike, Barth, ya yada zango a Damagaram a ƙarshen 1852, ya yi wata guda kafin ya nufi Katsina. Attajiri irin Malam Yaro shi ke saukar manyan madugai. Tsohonmu bai kai nan ba, nasa baƙin masu raƙumi biyar ne ko goma.

Na sha tambayar kakata, to in ba a biya, da me ake ci? Sai ta yi dariya ta ce, "Kai yaro, ɗan lakwal ke nan." Baƙo in ya sauka, kayansa gaba ɗaya suna hannun fatoma. Shi zai adana su a ɗaki, shi zai nemo dillali, shi ya san wanda za a ba bashi a garin da wanda ko allura ba a ba shi. In ciniki ya faɗa, ya ɗauki la'adarsa. In wanda aka ba bashi ya gudu, fatoma ne zai biya. An ce tsohon ya taɓa sayar da dokinsa saboda wani da ya karɓi gishirin baƙo ya tsallaka Kano bai dawo ba. Wannan Ba'abzinen kuwa har ya rasu bai sauka a wani gida ba, 'ya'yansa ma haka.

Abin da ke ɗan sosa mini rai shi ne, in ana ba da labarin gidan, sunan tsohon kaɗai ake kira. Amma wa ya daka geron? Kakata ta shigo gidan tana yarinya, ta tarar da surukarta na tashi kafin kiran assalatu. Fura da hantsi, tuwo da dare, ga ruwa, kuma kowa ya san abin da ruwa yake nufi a garin nan na duwatsu. Ta ce akwai lokacin da akusa goma sha biyu ke fita zaure a dare ɗaya, matan gida kuwa sai ƙanzo. Ta iya Buzanci daidai gwargwado, ta bayan katanga ta koye shi, don ba ta taɓa zama da baƙin ba.

Sana'ar ba rana ɗaya ta mutu ba. Faransawa sun ci garin a 1899, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hajar da ke ratso hamada ta koma bin teku. A 1926 aka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram aka kai Yamai. Masu gishiri dai sun ci gaba da zuwa, sai masu gyaɗa suka biyo baya, daga nan manyan motoci suka kori raƙuma, direba kuwa a tasha yake shimfiɗa tabarmarsa. Babana ya ce baƙon ƙarshe da ya sani wani tsoho ne mai dabino, wanda ke zuwa ko ba shi da kaya, don kawai ya saba.

Yanzu an raba gado, gidan ya kasu huɗu. Zauren ya faɗa rabon baffana, ya ba wani tela haya. Zanen da ke goshin ƙofar ya kusa shafewa, zanko ɗaya ya faɗi a damunar bara, ba wanda ya mayar. Na ce masa, "Baffa, a bari in kawo magini ya yaɓe shi da makuba kamar dā." Ya ce in ina da kuɗin, siminti ya fi masa.

Da yamma na ɗauko abokin nawa daga otal na kai shi ya ga wurin. Telan ya matsar da kekensa, ya nuna mana guntun turken da ke bayan zaure, wanda har yau ba a iya tumɓuke shi ba. Yara ke ɗaure akuya a jikinsa.