Izinin jihohi a harkar dakon kaya da tirela a Amurka

Lokacin da na bar tuƙa wa kamfani na sayi tirelar kaina a jihar Ohio, takardun gwamnatin tarayya ne suka fi zo mini da sauƙi. Na nemi lambar USDOT (ta rajistar mai dakon kaya) da ta MC (ta izinin dakon kaya tsakanin jihohi) a wajen FMCSA, hukumar tarayya mai kula da harkar manyan motoci, na biya dala 300, kamfanin inshora kuma ya tura shaidar cewa inshorata ba ta gaza dala 750,000 ba, ko da yake yawancin dillalai ba sa ba mutum lodi sai ta kai miliyan ɗaya. Daga nan na yi rajistar IRP da ta IFTA, wato yarjejeniyoyin tsakanin jihohi da ke raba kuɗin lambar mota da harajin gas tsakanin jihohin da aka ratsa.

Wahalar tana wajen jihohin da ke karɓar harajinsu na daban bisa nauyin mota da nisan tafiya. Kentucky ce ta fi shafata, domin da ka haye gadar kogin Ohio daga Cincinnati ka shiga ƙasarta, kuma duk motar da ta kai laba 60,000 sai ta mallaki lambar KYU, wato lambar biyan wannan harajin na jihar. Abin da sababbin shiga ba su cika sani ba shi ne, dole ne a aika mata rahoto duk wata uku, ko da tayar motarka ba ta taka jihar ba a cikin watannin. Wanda ya yi shiru, tara ce za ta biyo baya, kuma a wurin awon nauyi na kan hanya ake tsare shi da kayan mutane a baya. New York tana fara nata harajin daga abin da ya haura laba 18,000, New Mexico kuma daga 26,000. Oregon kuwa tsarinta ya sha bamban, don harajin mil ne ya maye mata gurbin harajin gas na manyan motoci.

Saboda haka yanzu ba na karɓar lodi daga dillali sai na bi hanyar a taswira jiha bayan jiha. Inda ba na yawan zuwa, izinin wucin gadi nake saya kafin in isa iyaka, domin a ganina buɗe asusu na dindindin a jihar da ba ka cika shiga ba ɗora wa kai aikin rahoto ne kawai. Kuma duk da na'urar lissafin tafiya da ke cikin mota, ina rubuta adadin mil a littafi a kowace iyaka, saboda masu binciken IFTA suna iya neman lissafin shekara huɗu baya.