Da albasa nake fara koyar da ƙwayar halitta

Ɗaliban ajin farko na babbar sakandare kan zo darasin ilimin halittu da wani jadawali a ka: ƙwayar tsiro tana da bango, ta dabba ba ta da shi, ta tsiro tana da kulorofilas, wato koren sashen da ke haɗa abinci, ta dabba babu. Sun haddace shi tsaf. Amma ka tambayi ɗayansu amfanin bangon, sai ya yi zuru. Shi ya sa ni da albasa nake buɗe darasin, alli sai daga baya.

Kayan aikin ba su da yawa: jar albasa, reza, gilashin ɗora samfuri da murfinsa, ruwan aidin, gishiri, sai madubin likita. Namu irin na da ne, wanda hasken taga ya ishe shi, don haka ɗauke wuta ba ta hana mu aiki. Akan ɓalle saɓa ɗaya ta albasar, a ɗaye siririn tantanin da ke cikinta, a shimfiɗa shi cikin ɗigon ruwa, a ɗiga aidin. Wajen saukar da murfi ne ake bukatar natsuwa. In ba a kwantar da shi a karkace ba, iska takan maƙale, ta fito a madubi da baƙin zobe, yara kuwa su rantse ƙwayar ce suka gani.

In aka ƙara girman sau 100, ƙwayoyin sukan bayyana a jere kamar tubalin gini. Layukan da suka raba su, su ne bangon. Shi masanin kimiyya Robert Hooke ya gani a Ingila a 1665, lokacin da ya duba ɓawon itacen da ake yin toshiyar kwalba da shi, sai dai nasa matattun ƙwayoyi ne, bangon kaɗai ya rage. An yi bangon da selulos, kuma ɗalibaina suna sanye da shi a jikinsu, domin kowane silin auduga ƙwaya ɗaya ce da ta yi tsawo, kusan dukkanta selulos ce. A cikin kowace ƙwaya akwai wani ɗigo da aidin ya rina ruwan ƙasa. Shi ne nukiliyas, ma'ajiyar bayanan gado, mai tsara abin da ƙwayar za ta yi. Sau da yawa a gefe ake ganinsa, saboda jakar ruwa da ake kira bakiyol ta cika tsakiya ta ture komai jikin bango. A ƙwayar tsiro da ta girma, wannan jaka takan ci har kashi 90 cikin ɗari na fili.

A nan ne nake jiran tambayar da na fi so, kuma ba ta cika daɗewa ba. Wata ɗaliba ta ɗago daga madubi ta ce, "Malam, ai albasa tsiro ce, to ina kulorofilas ɗin?" Na ce, "'Yata, a ina albasa ke girma?" Ta ce a cikin ƙasa. Na miƙa mata lawashi na ce ta gwada wannan. Kulorofilas wurin haɗa abinci ne da hasken rana, ruwa da iskar kabon, saboda haka a ganye da koren kara ake samunsa. Kan albasa ma'aji ne na abincin da lawashi ya haɗa, haka saiwar rogo. Daga ranar ajin ya gane cewa aikin da ƙwaya ke yi shi ke nuna kayan da za a tarar a cikinta, abin da jadawali bai gaya musu ba.

Gwajin gishiri ya fi komai tasiri a wurina. A jikin bango daga ciki akwai tantanin ƙwaya, mai tace abin da zai shiga da wanda zai fita, amma ya manne da bangon har ba a iya bambance su. Sai mu ɗaye jar fatar bayan saɓar, mu zuba mata ruwan gishiri mai ƙarfi. Cikin 'yan mintoci ruwa ya fice daga bakiyol, jan launin ya takure ya janye, bango yana nan tsaye, tsakaninsu fili. Ga tantani nan ƙiri-ƙiri. In aka mayar da ruwa zalla, sai ya sake kumbura ya koma wurinsa. Yara da kansu suke danganta wannan da mai alayyafo da latas da ke yayyafa wa kayansa ruwa a kasuwa: ganye na tsayawa ne muddin jakunkunan ruwansa na tokare da bango.

Ƙwayar dabba kuwa daga bakinsu muke samo ta. Kowa da nasa tsinken auduga mai tsabta, ya goga cikin kumatu a hankali, ya shafa a gilashi, a ɗiga shuɗin metilin, a jefa tsinken a shara nan take. Waɗannan ƙwayoyi sun fi na albasa ƙanƙanta, sai an kai sau 400 ake ganinsu sosai. A baje suke, ba su da tsayayyar siffa, nukiliyas a tsakiya, saitofilazim, wato ruwa mai kauri da ya cika ƙwayar, kewaye da shi, tantani kaɗai ya riƙe su. Rashin bango yana da sakamako. Jar ƙwayar jini in ta shiga ruwa zalla, takan sha har ta fashe, shi ya sa ruwan gishirin da ake ƙara wa majiyyaci a asibiti yake da gishiri kashi 0.9 cikin ɗari, daidai da ƙarfin ruwan jiki. Ita jar ƙwayar ma, in ta girma ba ta da nukiliyas, kuma kwana 120 ne kimanin rayuwarta. Jini dai ba na yarda a taɓa shi a aji.

Akwai sassan da madubinmu ba zai nuna ba, kuma ina faɗa musu haka kai tsaye. Raibozom, inda ake haɗa furotin, sai da madubin ilektiron. Maitokondiriya, inda ake ƙona sukari a samu ƙarfi, su ma ba sa fitowa da rinin da muke da shi. A kansu nake daɗewa, domin ɗalibai da yawa na zaton tsiro ba shi da su tunda yana da kulorofilas. Yana da su. Waken da aka jiƙa ya fara tsirowa ba shi da ko ganye ɗaya, amma yana numfashi har yana fitar da ɗumi, kuma a maitokondiriya wannan aiki ke gudana.

Wajen zane ina da sharaɗi ɗaya mai tsauri: abin da ido ya gani shi za a zana. Wanda ya sa kulorofilas a ƙwayar kan albasa, daga littafi ya kwafo, sai ya koma kan madubi. Fensir mai tsini, layi ɗaya ba tare da inuwa ba, layukan suna a ja su da rula kada su gitta juna, a rubuta yawan girman a ƙasa, kamar yadda ake bukata a jarrabawar gwaji ta WAEC da NECO. Zanen littafi mai nuna dukkan sassa a ƙwaya ɗaya sai a darasi na gaba nake kawo shi, bayan kowa ya ajiye zanensa biyu gefe da gefe, na albasa da na kumatunsa.