Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Hotunan Ƙofofi Biyu

A makon jiya na tsaya a kan dawowarmu Damagaram a farkon 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta umarci baƙi marasa takardu su fice daga Najeriya, mahaifinmu ya rufe shagonsa na ɗaukar hoto a Fagge ya kwaso mu. A Kano ana ce mana ƴan Nijar, a unguwar Birni kuwa muka wayi gari ƴan Najeriya. Ranar da Baba ya nemi ɗakinsa na gado, Baffa ya dube shi a zaure, gaban mutane, ya ce, “Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.” Baba bai tanka ba, muka kama haya a Zango.

Wannan magana ce ta sa na riƙe kyamarar Baba bayan rasuwarsa, ko da yake dangi sun so a sayar da ita. Hotunan biki da na suna su suka ciyar da ni, amma aikin da nake alfahari da shi daban ne. Nakan nemi mutumin da ya rabu tsakanin ƙasa biyu, in tsayar da shi a ƙofar gidansu na nan, inda bangon yake ɗauke da zanen magina, sannan in bi shi ta Matamaye da Daura har Kano, in sake ɗaukarsa a bakin ɗakin da yake haya, da riga ɗaya da tsayuwa ɗaya. In na wanke hotunan sai in jera su kusa da juna. Abin da na lura shi ne, yawancinsu sun fi sakin jiki a ƙofar hayar, a ƙofar gado kuwa sukan ƙame kamar baƙon da ke jiran a yi masa iso. Da na ga ayyukan Malick Sidibé, mai ɗaukar hoto na Bamako, daga baya, sai na tabbata hoto yana iya faɗin abin da bakin mai shi ya ɓoye.

A 2011, da mulkin Gaddafi ya rushe, samarinmu suka yi ta kwararowa daga Libiya ta hanyar Agadas. Wani da ya manyanta a Sabha ya ƙi yarda in ɗauke shi sai da makullin ɗakinsa na can a hannu, ɗakin da ya san ba zai sake buɗewa ba, ƴaƴansa kuma suna tsaye gefe suna hira da Larabci. Shi ma na ji kawunsa ya jefa masa karin maganar Baffa, ban san dalilin da ya sa dattawanmu suke ƙaunarta haka ba, alhali kuɗin waɗanda suka bar gidan ne ke rufa musu asiri.

Baffan nan, Allah ya jiƙansa, shi ne ya aiko a kira ni da tsufa ya kama shi, domin ɗansa ya tare a Kano yana son hoton mahaifinsa. Na je na ɗauke shi a zauren nan, na kuma karɓi kuɗina cif, ban rage masa ko dala ba. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, ɗan nasa bai samu halartar jana'izarsa ba, ni na tsaya a kan komai. Batun rabon gidan kuwa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.