Zuwa ga mutanen Maradi: a ɗauke wa mai ciki wutar murhu

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na Maradi. Ina gaishe ku daga Beljiyam, inda nake aikin ungozoma. Ya gida, ya sanyi? Na san hunturu ya kama, hazo ya rufe gari tun daga Mokoyo har bakin gulbi, shi ya sa na kasa haƙuri sai da na ɗauki alƙalami.

Bara da na zo gida na sauka wurin ƙanwata, cikinta wata bakwai. Da asuba na same ta durƙushe a madafa tana hura wuta da baki. Itacen ɗanye ne, ya ƙi kamawa, sai ta yagi leda ta cusa ƙarƙashin karan ta ƙyasta ashana. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, idonta na zubar da ruwa, tana tari tana share fuska da bakin zane, ƙaramin ɗanta na riƙe da ƙafarta. Na ɗaga kai na dubi rufin, kunkunniya ta yi masa baƙi ƙirin, har tana reto kamar yanar gizo. A irin wannan madafa Inna ta raine mu, ni ma na hura wannan wuta shekara da shekaru ban ɗauke ta a bakin komai ba. Ranar kuwa sai da gabana ya faɗi, don na san abin da ya manne a rufin shi ne yake shiga ƙirjinta.

Mun saba cewa ɗan ciki a ɓoye yake, Allah ya killace shi. Gaskiya ne, amma ba shi da hancin kansa tukuna. Duk iskar da yake rayuwa da ita daga jinin uwa take, ta bi mabiyiya, ta bi cibiya. Hayaƙin itace da na gawayi yana ɗauke da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar oksijin sau ɗari biyu da wani abu, idan ta shiga sai ta tare wurin, abin da zai isa ga yaro ya ragu. Akwai kuma ƙurar hayaƙin, wadda likitoci ke kira PM2.5, siririya ce har gashin kai ya fi ta kauri kusan sau 30. Gashin hanci ba ya tare ta, takan wuce can ƙasan huhu. A nan ƙasar, a 2019, masu bincike na jami'ar Hasselt suka duba mabiyiyar mata bayan haihuwa, suka tarar da ɗigon baƙin hayaƙi a ɓangaren da ke fuskantar jariri. Matan nan fa ba da itace suke girki ba, hayaƙin mota da na gari ne kawai ya kai can. To ina ga wadda ke kan murhu safe, rana da dare?

Abin da ke biyo baya mun san shi, suna ne kawai ba mu haɗa shi da hayaƙi ba: jariri ya zo bai kai kilo 2.5 ba, ko ya zo bakwaini kafin sati 37, ko ya zo lafiya amma kafin a yi arba'in haƙarƙarinsa ya fara ja. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ban ce hayaƙi kaɗai ke ƙanƙantar da jariri ba. Zazzaɓin cizon sauro na nan, ƙarancin jini na nan, rashin wadataccen abinci na nan, don haka kada a bar awo, kada a bar gidan sauro. Amma hayaƙi shi ne wanda ba a tambayar mace a kai, ita ma ba ta kai kukansa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne jego. Ina girmama wankan jego, iyayenmu ba don mugunta suka riƙe shi ba. Sai dai a dubi yadda ake yi a hunturu: a kawo kaskon garwashi ɗaki, a toshe taga da tsumma, a saki labule, a zuba turaren wuta, da dare a ƙara maganin sauro mai hayaƙi, jinjiri ɗan kwana uku na kwance a ciki. Huhunsa bai gama ƙwari ba, numfashinsa kuma ya fi na babba sauri. Don Allah, iyayena mata, a dafa ruwan a tsakar gida, a ɗumama yaro da zane da jikin uwarsa, garwashi kada ya kwana a ɗaki.

Ƙurar hunturu da ke tasowa tun daga Bodele a Chadi ba mu da iko da ita, sai dai mai ciki ta rage fita ranar da hazo ya yi kauri. Bola kuwa mu ke cinna mata wuta a ƙofar gida, leda da tsohuwar taya duk a ciki.

Maganata ta fi zuwa gare ku magidanta, da ke uwar miji, da ke abokiyar zama. Mace mai ciki ba za ta buɗe baki ta ce a karɓe mata girki ba, kunya ba za ta bari ba, kuma tana tsoron a ce ta cika son jiki. Ku ne za ku ce. Maigida, idan kana da hali ka sayi tukunyar gas, tun 2011 matatar mai ta Soraz da ke Damagaram ke fitar da shi a ƙasarmu. Na san ba kowa ke da halin ba, na san yadda kuɗin cefane yake. Idan sai itace, a sayi busasshe, ko na dajin Baban Rafi ne a shanya shi ya bushe kafin a sa. A fitar da murhu fili ko ƙarƙashin rumfa, mai girki ta zauna ta inda iska ke fitowa, a daina kunna wuta da leda, a sauke goyo kafin a hau tuƙin tuwo. Masu suyar ƙosai da ƙuli-ƙuli, na san da wutar nan kuke ci da yaranku, ba zan ce ku bari ba. Amma idan ciki ya tsufa, a samu 'ya ko ƙanwa ta riƙa karɓar ki a bakin kasko.

Kafin in baro gida na zauna da mijin ƙanwata, ya saurare ni, Allah ya saka masa. Washegari shi da kansa ya kwashe duwatsun murhu ya mayar da su gindin dogon yaro, surukarta kuma ta karɓi girkin dare har ta sauka. Ku gaishe mini da duk masu jego na bana, Allah ya raya, ya ba masu ciki sauka lafiya.

'Yarku, daga Beljiyam.