Ƙarar ƙofa da furem 12

Laraba. Tun safe muna kan aikin tace sin na 31, wanda Oga yake kira zuciyar fim ɗin. A sin ɗin, matar da ke cikin labarin tana wanke kwano, sai abin da wani mutum ya yi mata tana ƙarama ya faɗo mata a rai. Daƙiƙa 94 cif aka ɗauka, hoto fes, an janye kala, an sa hazo a gefe-gefe, ga piyano yana kuka a ƙasa. Ta tuna komai tiryan-tiryan, har da launin rigar mutumin. Kuma a labarin shekarunta biyu a lokacin.

Na ce, "Oga, 'yar shekara biyu ba ta riƙe irin wannan. Yawancin mutane ba sa tuna abin da ya faru kafin su kai uku ko huɗu."

Ya ce, "Fim muke yi, ba lacca ba."

Haka ne, amma abin ya tsaya min a wuya. A 1995 Elizabeth Loftus da Jacqueline Pickrell, a Amurka, sun ba mutum 24 labarai huɗu-huɗu na ƙuruciyarsu. Uku gaskiya ne, daga bakin dangi aka samo su. Na huɗun ƙage ne: wai sun ɓace a wani katafaren kanti suna da shekara biyar. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka ce sun tuna, wasu har da ƙarin bayani daga kansu. Ƙwaƙwalwa ba kaset ba ce da za a mayar baya a kunna, duk lokacin da aka tuna sai an sake ɗinkawa. Ga mai shirya fim da ƙaramin kuɗi kuwa wannan gaba ta kai shi, don shakka ba ta buƙatar fitila ko 'yan wasa goma. Idan ita kanta matar ba ta tabbata ba, mai kallo ba zai iya tashi ba.

Ga abin da na nuna masa a kan kwamfuta. A mai da shekarunta shida. A rage daƙiƙa 94 ɗin nan zuwa gunduwa biyar, kowace kada ta wuce daƙiƙa biyu, wato furem 48 (furem shi ne hoto ɗaya cikin 24 da ke wucewa a kowace daƙiƙa), a warwatsa su tun daga sin na 8. Kada a nuna fuskar mutumin ko sau ɗaya, hannu a kan mariƙin ƙofa ya isa. Muna da ɗauka guda da mai kyamara ya yi a durƙushe, daidai tsayin yarinya, da lens 24mm, wato gilashin kyamara mai faɗin gani, ƙofar ta zama wata ƙatuwa. Ita za a yi ta maimaitawa. Sannan sauti ya riga hoto: ƙiiit ɗin ƙofar ya shigo furem 12 kafin yanka, rabin daƙiƙa kenan, tun matar tana riƙe da kwano. Kunne ya fara tunawa, ido ya biyo baya. Piyano kuma a cire shi gaba ɗaya.

A nan asirinmu ya tonu. Ina cire piyano sai wurin ya mutu murus, domin ba wanda ya naɗi shirun ɗakin a ranar, wato sautin ɗakin lokacin da ba mai magana. Minti ɗaya tak ake buƙata, kowa ya kame, makirufo yana inda yake. Ba a yi ba. Ga firji kuma, injinsa yana tashi a wata ɗauka, yana kwanciya a wata, don haka duk yanka sai ka ji gurnani ya yi tsalle. Da ma kashe shi ake yi, a jefa makullin mota a ciki don kada a tafi an manta ba a kunna ba. Na yanke duk sautin da ke ƙasa da 80 Hz, wato mafi kaurin sauti, gurnanin ya ragu amma bai tafi ba. Na tsinto daƙiƙa bakwai na shiru daga tsakanin maganganu na jera su, sai ga wani yana haɗiyar yawu duk zagaye.

Ga wata matsalar: hasken fitila da hasken taga a ɗaki ɗaya, launinsu ba ɗaya ba, rabin fuska ruwan lemo, rabi shuɗi. Na gobe ne wannan.

Da yamma na tsaya a kan fuskar yarinyar. Daban aka ɗauke ta, kamar yadda ya kamata, ba ta ga mutumin ba, ba ta ji ihun ba. Ce mata aka yi wasan ɓuya ake, ta kalli ƙofa ta jira. Kallon ɗoki ne zalla. Ni ne na ɗora masa ƙiiit ɗin ya koma tsoro, har tsigar jikina ta tashi. Na mayar da shi baya ya fi sau ashirin.

Oga ya ce zai kwana da maganar. Na fitar masa da kwafi biyu, mai piyano da marar piyano. Mai piyanon ya fara buɗewa.