Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Shekarar Kankasha

Wancan satin na tsaya ne a haihuwar Ummi, amma ku yi haƙuri yau baya zan koma, don shekaranjiya na kasa murɗe murfin jarka sai maganar Yaya uwargidanmu ta dawo min sabuwa fil.

Daminar 2018 ce muna Kassala, kogin Gash ya kawo ruwa, zazzaɓi ya shigo gari gida gida, mutanen Sudan na ce masa kankasha, a asibiti kuma chikungunya. Ni dai da hantsi lafiya lau na yi wanki, kafin magariba jikina kamar garwashi, da asuba wuyan hannu da idon sawu da 'yan yatsu duk sun riƙe, buta ma na kasa ɗagawa sai Malam ne ya zuba min ruwan alwala. A duƙe nake zuwa bayi sai kace tsohuwa. Kwana na uku ƙuraje ƙanana jajaye suka feso min a ƙirji da hannu.

A haka Yaya tace gaban baƙi wai son jiki ne, amarya ta ga ranar girkinta. Gaban baƙi fa! Marigayiya Inna kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wallahi ranar na gane maganar.

Allurar maleriya aka fara min a kemis, a banza. Da muka je asibiti likita yace ba maganin da ke kashe shi, farasitamol ne da ruwa da kwanciya, kar in kuskura in sha asfirin ko ibuprofen tunda ba a tabbatar ba zazzaɓin dengi ba ne, don dengi yana sa zubar jini, su kuma suna ƙara shi. Yace sauron da rana yake cizo, baƙi mai ratsin fari, a randa da tsohuwar taya yake ƙwai, in shiga gidan sauro ko da azahar kar ya cije ni ya kai wa yara. Randunanmu uku a buɗe, na wa? Na bar shi dai.

Zazzaɓin sati ɗaya ya sauka, gaɓoɓin nan kuwa wata biyar ina fama, ɗaurin zani ma aiki. Sati biyu tsakani ya kwantar da Yaya, ni na dama mata kunu da hannun nan, ni na kama ta zuwa bayi. Har muka baro Kassala ba ta ce min yi haƙuri ba, Inna dai ta faɗa, mai ɗaki.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan dawo kan sunan Ummi da rigimar rago.